Galan ɗin Baba da gorar lagireto: yadda aikin Fijo 504 ke tafiya

Asabar, 8 ga Fabrairu, 2025

Tun ina yaro na san motar nan da galan a but. Fari ne mai lita huɗu, asalinsa na man inji, Baba, Allah Ya jiƙansa, ya wanke shi ya mayar da shi na ruwa. Kullum da safe kafin ya fita sai ya ɗaga bonet, ya murɗe murfin lagireto, ya ɗura ruwa har ya taɓo baki, sannan ya yi bisimilla ya tayar. Da motar ta dawo hannuna sai na gaje ta har da galan da ɗabi'ar, ban taɓa tsayawa na tambayi dalili ba.

Fijo 504 ce salun, haɗin Kaduna, ta 1983. Masana'antar Peugeot da ke Kakuri ta fara haɗa motoci a 1975, ita kuwa 504 tun 1968 aka fito da ita a Faransa, don haka tunanin da aka yi wa hanyar ruwanta na wancan zamani ne: lagireto, murfi, sai wani siririn bututu da ya fito daga wuyan lagireton ya gangara yana kallon ƙasa. A tawa dai iyakar abin da ke akwai ke nan.

Shekaranjiya Alhamis na tsaya a Kwangila zan sayi lemo. Ban fi minti biyar da kashe mota ba wani ɗan acaɓa ya ƙwala mini kira: "Alhaji, motarka fa tana fitsari!" Na duƙa, ga ruwa ja-ja-ja kamar na kududdufi yana tsiyaya ta bututun nan. Ba yau ya fara ba, amma yau ne aka yi mini dariya a kai. A hanyar komawa gida na ƙudurta zan sa mata gorar da za ta riƙa tare ruwan, irin wadda kanikawa ke ce wa rizab. Na ɗauko wannan littafi don in riƙa rubuta abin da na yi, saboda na san halina da mantuwa.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Kafin in sayi komai sai na ce bari in san nawa take zubarwa. Na ɗaure gorar ruwan sha da waya a ƙarƙashin bututun, na cika lagireto fal yadda Baba ke yi, na je Samaru na dawo. Na bar ta ta huce, na juye abin da ya taru cikin tsohuwar fidar auta mai layukan awo. Mililita 300, har da ɗoriya kaɗan.

Lissafin ya zo daidai har ya ba ni haushi. Ruwa idan ya tashi daga digiri 20 zuwa 100 yakan ƙaru da kusan kashi 4 cikin 100. Cikin motar nan, inji da lagireto da tiyo, yana ɗaukar wajen lita takwas. Kashi 4 na lita takwas bai kai cikin kwalbar lemo ba, amma ya kusa. Ƙarfe ba ya miƙewa ya ba shi wuri, dole ya nemi ƙofa, ƙofar kuwa ita ce murfi. Dalilin da ya sa ta fi zubarwa bayan an kashe ta shi ne famfon ruwa da fanka sun tsaya, zafin da ke jikin ƙarfen inji kuwa yana ci gaba da shiga ruwan da ke tsaye wuri ɗaya.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Yau ban ƙara ko ɗigo ba. Na maimaita tafiyar jiya. Abin da ya taru a gora bai cika cokali biyu ba.

Ashe shekara arba'in motar ba shan ruwa take ba. Mu ne muke ɗura mata abin da ba ta da wurin ajiye shi, ta tofar, gobe mu sake ɗurawa.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na je garejin tsohon bakanikenmu a Tudun Wada. Shi ya riƙe motar nan tun zamanin mahaifina, Baba nake ce masa, shi kuma har yau "yaron Malam" yake kirana duk da furfurar da ke gemuna. Na kwashe labarin fida da mililita na faɗa masa. Ya saurara yana goge hannu da tsumma, ya ce, "To ai ka gama gyaran da kanka. Ka daina cika ta. Ka bar mata kamar gaɓar yatsa ɗaya a sama, ta samu wurin numfashi. Mahaifinka na sha gaya masa, ba ya ji."

Gaskiya ya faɗa, kuma duk mai irin motar nan da ba ya son kashe ko kwabo, maganar Baba ta ishe shi. Haka aka tsara ta: tankin saman lagireto shi ne wurin kumburin ruwa. Amma ni abin da ya tsaya mini a rai kalar ruwan da na gani a Kwangila ce. Duk sanda inji ya huce, iska ce ke komawa ciki, iska da ruwa da baƙin ƙarfe kuwa tsatsa suke haifarwa. Ga shi kowace safiya ana kawo sabon ruwan rijiya da gishirinsa da ƙasarsa. Ruwan ya fita, gishirin ya zauna, kamar farin dattin da ke kama gindin butar shayi. Injin 504 jikinsa baƙin ƙarfe ne, kansa, wanda kanikawa ke kira tof silinda, alminiyam ne, silindojin kuma irin waɗanda ake zura su ne ruwa na zagaye su kai tsaye. Irin wannan haɗi ba ya son ruwa marar magani. In kuwa zan sayi ruwan kulan mai tsada, ba zan yarda ya riƙa zuba a titin Kwangila ba.

Gorar iri biyu ce, kuma a kasuwa ana cakuɗa su. Akwai wadda ke cikin matsin ruwan gaba ɗaya. Ita ce ke ɗauke da murfi mai sifirin, dole ta zauna sama da duk inda ruwan ke bi a cikin bonet, dole a ja mata tiyo zuwa inda famfo ke zuƙar ruwa, a kuma toshe bakin lagireto da murfin da ba ya buɗewa. Irin ta motocin Jamus ke nan. Akwai kuma mai sauƙi, wadda ba matsi a cikinta, tana da ɗan huji a murfinta don iska. Ruwa ya kumbura ya tura murfin lagireto ya gangara cikinta. Inji ya huce, ruwa ya tsuke, sai lagireto ya zuƙo abinsa ya mayar. Motocin Japan da yawa haka suke.

Na zaɓi ta biyu. Bonet ɗin 504 ya gangaro ta gaba, samun wurin da ya fi wuyan lagireto tsawo aiki ne, kuma ba na son a yanka tiyo ko ɗaya. Baba ya ce, "Kuɗinka ne. Amma in ka ɓata mini mota, kada ka zo nan da kuka."

Asabar, 22 ga Fabrairu

Sabon Gari, layin masu kayan Beljiyam. Yaron shagon farko da ya ji abin da nake nema sai ya ɗauko mini wata ƙwallon gora ta Golf, ya ce ita ce ƙarshe, "Yallaɓai, wannan ko tirela ka sa wa za ta riƙe." Kyakkyawa ce, ba musu. Amma murfin irin waɗannan sai matsi ya kai wajen bar 1.4 yake buɗewa, murfin da ke kan lagiretona kuwa 0.5 aka buga a kansa. Lagireton tagulla da aka liƙe da dalma tun ina firamare, in na ɗora masa kusan ninki uku na abin da ya saba, a hanya zai yi mini bayani.

A shago na huɗu na samu abin da nake so cikin wani buhu da ke ƙarƙashin benci: doguwar gora siririya, daga wata motar Japan, tana ɗaukar lita ɗaya da ɗan kai, da layin sama da na ƙasa a jikinta, tiyonta na ciki yana nan har gindi. Ta yi rawaya don tsufa amma na matsa ta ko'ina ba ta yi ƙara ba. Ya ce dubu tara, muka tsaya a shida. Na haɗa da tiyo mita ɗaya mai faɗin milimita 8 da kilif huɗu. Tiyon mai baƙi na saya, irin na mota, ba fari na lebur ɗin magina ba, wanda zafi ke sa shi ya yi laushi ya manne.

A gida na wanke ta da omo da tsakuwa ƙanana, ina girgizawa kamar mai kaɗa nono, har aka fara ganin haske ta cikinta.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Neman wurin zama. Injin 504 a kishingiɗe yake, digiri 45, don haka gefe ɗaya a cike yake, ɗayan kuma da sarari, sai dai ba kowane sarari ne ke da amfani ba: kusa da inda salansa ke fita daga inji roba ba za ta yi kwana uku ba. Na yanka kwali daidai girman gorar ina gwadawa nan da can, babban ɗana yana rufe bonet a hankali ni kuma ina leƙe ta ƙasa da tocila. Muka samu wuri a gefen lagireto, bayan fitila, inda fanka ba ta kaiwa. Akwai tsofaffin huji biyu a jikin bodin a daidai wurin, ban san na mene ne ba, amma sun raba ni da huda motar mahaifina.

Asabar, 1 ga Maris

Yau aka tashi da azumi, saboda haka da sassafe na fita. Mai walda na bakin layinmu ya lanƙwasa mini falan ƙarfe yadda na zana a kwali. Karon farko ya yi shi a karkace, na biyu ya zauna. Na shafa masa jan fenti na hana tsatsa, na bi da baƙi, na sa guntun tsohon tib tsakanin ƙarfe da gora don kada girgiza ta cinye ta. Noti biyu masu lamba goma. Na zare tsohon bututun da ke kallon ƙasa, na sa sabon tiyo daga wuyan lagireto zuwa gora, ba lanƙwasa mai kaifi, na ɗaure shi nesa da fambel. Bakin tiyon da ke cikin gora na yanke shi a jirge, don kada ya manne da gindi lokacin zuƙa.

Kafin azahar an gama. Na cika lagireto fal, na zuba ruwa a gora zuwa layin ƙasa, na ja layi da maka a daidai wurin. Har na ɗauki hoto na tura wa ƙanena a Kano.

Talata, 4 ga Maris

Tsugune ba ta ƙare ba. Ruwa yana fita lafiya lau, ya hau gora kamar yatsa uku. Da asuba bayan sahur na duba da tocila, yana nan inda ya hau, ko motsi bai yi ba. Na buɗe lagireto, ya sauka. Kwana uku a jere haka. Wato abin da na yi kawai shi ne na sama wa fitsarin motar fo.

Asabar, 8 ga Maris

Na zauna a dakali da murfin a hannu ina jujjuya shi, a nan na gane cewa ban taɓa kallonsa da kyau ba. Ɗan ƙaramin abu ne amma ƙofofi biyu gare shi. Babban sifirin yana danne wata roba a can ƙasan wuyan lagireto, ita ke riƙe matsi har ya kai adadin da aka buga. A tsakiyarta akwai wani ɗan faifai kamar maɓallin riga da ke buɗewa ta ciki idan inji ya huce. Matsin nan ba ado ba ne. Zariya a kan tudu take, sama da mita 600 daga teku, ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa a wajen digiri 98. Da matsin rabin bar sai ya kai kusan 110 kafin ya tafasa.

Abin da murfina ba shi da shi ita ce roba ta biyu, ta sama, wadda ke liƙe leɓen wuyan. Wani siririn faifan ƙarfe ne kawai a wurin. A da ba ruwan kowa da wannan, tunda iska ake so ta koma. Yanzu kuwa idan lagireto ya zuƙa, iska ta gefen murfi ta fi masa sauƙi a kan ya jawo ruwa ta tiyo mai tsawon hannu. Kamar mai shan lemo da tsinken roba mai huji a sama.

Na koma Sabon Gari da tsohon murfin a aljihu. Murafun motocin Japan duk suna da roba biyu, amma ƙanana ne, suna iyo a bakin nawa. Wani ya ba ni babba mai roba biyu, na biya ba tare da na auna ba, na zo gida na murɗa ya shige sumul ba wata turjiya. Sumul ɗin nan shi ne matsalar. Wuyan irin waɗannan lagireto zurfi biyu ne, akwai mai kusan milimita 19 akwai mai 25. Nawa mai zurfi ne, murfin kuwa gajere, robar ƙasa ko taɓa mazauninta ba ta yi. Da na hau titi da shi da motar ba ta riƙe matsi ko kaɗan. Mai shagon ya ƙi karɓa, ya ce an riga an murɗa. Dubu uku da ɗari biyar sun tafi, na ɗauke su kuɗin makaranta.

Asabar, 15 ga Maris

Baba bakanike ne ya fitar da ni. Ya aika yaronsa wajen wani mai kayan tarakta da tsofaffin a-kori-kura, ya dawo da murfi babba, dogo, roba biyu, an buga 7 a kansa, wato fam bakwai, daidai da rabin bar ɗin da nake nema. Da tsohuwar zuma ake magani. Bai ce komai ba sai, "Yaron Malam, a riƙa zuwa da ma'auni kasuwa."

Da sabon murfin ruwa ya fara komawa, amma rabi. Muka toshe bakunan lagireto, muka hura masa iska kaɗan da famfon keke ta bututun wuya, muka shafa ruwan omo. Ga kumfa nan tana tsirowa a daidai inda aka liƙa ɗan bututun da wuyan. Tsagewa ce kamar silin gashi, ido ba ya ganinta. Shekara da shekaru ba ta dami kowa ba saboda a bayan ƙofar matsi take.

Muka sauke lagireton muka kai wa mai gyaransu. Liƙin bai ɗauke shi minti goma ba. Amma da ya ɗaga shi ya jijjiga, sai ya dube ni ya ce, "Alhaji, wannan ai ya fi ƙarfin nauyinsa. A buɗe?" Na ce a buɗe. Ya bi gefen tankin sama da wuta, dalma na ɗiga, ya ɗage shi kamar murfin akwati.

Na daɗe ban ga abin da ya kashe mini jiki irin wannan ba. Bakunan ƙananan bututun da ruwa ke bi, kusan ɗaya cikin uku a toshe suke ƙam da wani abu mai kama da busasshen laka, ja da fari. Ya ɗauko siririn ƙarfe mai faɗi yana zurawa ɗaya bayan ɗaya, yana turo dattin ta ƙasa, yaronsa na bi da ruwa. Abin da ya taru a ƙasa ya cika gwangwanin madara har biyu. Na tsaya ina kallonsa, ina tuna mahaifina da jallabiyarsa da galan a hannu kowace safiya, yana yi wa motar abin da ya ɗauka gata ne. Rijiyar gidanmu ce a cikin gwangwanin nan, ta shekara arba'in. Ni ma na zuba nawa kason na shekara tara.

Bututu biyu sun ruɓe, ya toshe su gaba ɗaya. Ya mayar da tankin, ya gwada a cikin baho, ba kumfa. Ana kiran la'asar muka baro wurin, ƙishirwa ta kusa kayar da ni.

Asabar, 22 ga Maris

Tunda ruwa a zube yake sai na ce a duba tamostat, abin nan da ke tare ruwa har sai inji ya yi zafi. Muka kwance, wayam. Baba ko kunya bai ji ba, ya ce shi ya cire shi da hannunsa tun mulkin soja. "Wannan na ƙasar ƙanƙara ne. Mu nan me za mu yi da abin da ke tare ruwa?"

Kusan duk bakaniken da na sani haka yake cewa, kuma na fahimci inda maganar ta samo asali: tamostat in ya lalace a rufe yana iya ƙona inji, cire shi kuma ba ya cin ko sisi. Amma aikinsa ba maganin ƙanƙara ba ne, hana inji yin aiki a sanyaye ne. Da hunturu in na fita da asuba allurar geji ba ta tashi sai na kusa Shika, duk wannan tafiyar inji na shan mai fiye da ƙima, man inji bai saki jiki ba. In ya yi zafi kuwa tamostat a buɗe yake, ba ruwansa. Na samo sabo an buga 75 a jikinsa. Ban yarda da rubutu ba, na ɗaure shi da zare na sa a tukunya a kan risho da ma'aunin zafi, ya fara buɗe baki a daidai wajen. Uwargida ta shigo ta same ni, ta tsaya ta ce, "Malam, abin buɗa-bakin ke nan yau?" Tukunyar dai ta ce ta bar mini har abada.

Baba ya sa shi yana gunaguni. Muka wanke cikin inji da tiyon famfo har ruwa ya fito fari, muka canza tiyon ƙasa da ya yi laushi kamar dafaffiyar taliya.

Maganar kulan kuma. A kasuwa akwai jarkoki masu arha da ba komai a ciki sai ruwa da kala. Kala ba ta nuna komai, bayan jarka ake karantawa. Na nemi mai kauri wanda ake sirkawa, irin na da, wanda aka rubuta ya dace da tagulla da dalma. Ba mu da ƙanƙara a Zariya, abin da nake so a cikinsa maganin tsatsa ne, kuma zallan ruwa ya fi shi ɗaukar zafi, don haka ban yi rabi da rabi ba. Kashi ɗaya kulan, kashi biyu tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, ba mai asid ba. Muka ɗura a hankali, inji na aiki murfi a buɗe, Baba na matsa tiyon sama har kumfa ta daina fitowa. Ya tsaya ya ƙura wa bakin ido na ɗan lokaci. Na san abin da yake nema: kumfar da ba ta ƙarewa alamar gaskit ya ƙone ce, in haka ne kuwa ba gorar da za ta yi magani. Ruwan ya kwanta luf. Ya ce, "Ka yi sa'a."

Ragowar kulan na kulle shi a kabad ɗin gareji. Zaƙi gare shi kuma guba ne, yana kashe ƙoda, ga yara ga awaki ga kyanwa a gida. Wanda ya zube a ƙasa na bi shi da yashi na kwashe.

Lahadi, 23 ga Maris

Bayan sahur, tocila a hannu. Jiya da dare ruwa ya hau yatsa uku. Yanzu yana kan layin maka daidai. Na buɗe lagireto, cike yake har wuya, kore shar. Na rufe, na sake buɗewa don kawai in ƙara gani.

Litinin, 31 ga Maris

Jiya aka yi Salla. Yau na kwashi Hajiya da yara zuwa gaisuwa cikin birni. Daga Ƙofar Doka abin ya tsaya cak, dawakai da 'yan kallo da masu Keke Napep kowa ya cusa kai, rana kuma ta take. Mun fi minti arba'in muna tafiyar hawainiya. Bara a irin wannan rana sai da na kashe mota sau biyu na ɗaga bonet. Yau allura ta ɗan gota tsakiya ta tsaya nan. Ba zan ce gora ce ta yi wannan ba, ita ba ta sanyaya komai, aikin mai lagireto ne da siririn ƙarfensa. Da muka isa na leƙa ƙarƙashin mota, ƙasa a bushe. Ɗana ya kai hannu zai taɓa murfin lagireto na buge hannun. Zan nuna masa tabon da ke damtsen Baba bakanike in mun je gareji, ya tambaye shi yadda aka yi. Yanzu ma ba dalilin buɗe shi, ga gora nan ana gani da ido.

Hajiya daga baya take cewa, "Ni fa ban ga kun tsaya ba wa motar ruwa ba." Na ce ta daina sha. Ta ce, "Ikon Allah. Har ita ma ta tsufa."

Asabar da Lahadi, 12 da 13 ga Afrilu

Kaduna da dawowa, cikin zafin da ya fi na kowane lokaci a shekara. Na tashi ƙarfe goma sha ɗaya da gangan. Ta Jaji, ta Mararrabar Jos, har Kawo, ina tsakanin 90 da 100, allura ba ta bar tsakiya ba. A Kawo na duba, ruwa ya kusa layin sama amma bai kai ba. Da na cika gorar fiye da layin ƙasa tun farko da ta yi ambaliya.

Washegari da safe sai na ga ya sauka ƙasa da layin maka da kamar faɗin farce. Gabana ya faɗi. Na bi ko'ina da farar takarda, na samu ɗan kore a bakin sabon tiyon ƙasa. Sabuwar roba takan kwanta bayan ta sha zafi, kilif ya saki. Juyi ɗaya da rabi da sukundireba. Na cike gurbin da ragowar haɗin da na ajiye, rabin kofin shayi.

Asabar, 26 ga Afrilu

Mako biyu ban ƙara komai ba. Layin maka ya fara gogewa saboda zafi, na sake ja da fentin farce na 'yata. Ƙarfen riƙon yana ɗan kaɗawa a kan gargadar hanyar Basawa, gobe zan ƙara masa washa a bayan noti. Baba ya ce in kawo ta bayan ruwan farko ya duba tamostat ɗin "da na nace a kai", kuma na ga ya tambayi yaronsa nawa aka sayo murfin, yana kallon wata 504 wagon da ke fake a garejin.

Galan yana nan a but. Ɗazu uwargida ta ce in ba ta shi ta riƙa zuba kalanzir tunda ya zama ba shi da aiki. Na ce ta bari tukuna sai bayan damina.